Wai Laifi Ne Ciyar da Lamont

Talata, 8 ga Fabrairu 1994, da hantsi

Sun dakatar da Lamont.

A rediyo na ji, ina shago, hannuna cikin gashin matar fasto, kumfa har gwiwar hannu. Wai Kwalejin Harlow Gap ta dakatar da ɗan wasanta na ƙwallon kwando, Lamont Prewitt, har sai an gama bincike a kan "alaƙarsa da wasu magoya baya." Wasu magoya baya! Duk matan da ke zaune suna jiran layi suka tusa kai cikin mujallu kamar masu shirin jarrabawa. Garin nan kaf babu wanda bai san gidan da yaron nan yake cin abinci ran Lahadi ba.

Na gama wanke kan matar fasto tas, na busar, na naɗe mata. Ko silin gashi ɗaya bai kauce ba. Na rubuta ne don a sani.

Talata, da yamma

Mijina Virgil yana kujerarsa, robar iskar numfashi a hanci, ya kashe sautin talabijin yana kallon hoto kawai. Na ce, "Ka ji?" Ya ce, "Na ji." Shekara talatin da takwas da aure, zancen ke nan.

Wai doka ce ta hukumar wasannin kwalejoji: ɗan wasa ba zai karɓi komai daga hannun mai goyon baya ba. Ni kuma tunda ina da kujerar shekara a ɗakin wasa, kuma sunana na cikin ƙungiyar magoya baya, to na zama "mai goyon baya." Wake da burodin masara sun zama cin hanci.

Ina waɗannan masu dokar suke lokacin da Koci Brashear ya ɗauko shi daga Mississippi? Ba makarantar da ta ko kalle shi. Dogo har sai ya sunkuya a ƙofa, ga rama, wando na zame masa. In aka jefa masa ƙwallo sai ta bi ta tsakanin yatsunsa ta wuce. 'Yan kallo suka raɗa masa suna Gora, suna dariya in ya taso daga benci. Hutun bikin godiya na shekararsa ta farko aka rufe ɗakin cin abinci na makaranta, kowa ya tafi gida, shi ba halin tafiya. Virgil ne ya tsince shi a shagon wanki yana cin biskit, ya ce masa, "Ɗan nan, tashi mu je, matata ta dafa abin da ya fi ƙarfinmu." Ya ci faranti uku yana ba da haƙuri a kan kowanne.

Yanzu yana shekara ta uku, ƙirji ya buɗe, ba mai iya ture shi a ƙarƙashin kwando, duk yankinmu ba wanda ya kai shi maki. Koci ya koya masa kafa ƙafa, shi ya yi gumin, ni na cika cikin. To a zo a kama ni.

Alhamis, 10 ga Fabrairu, bayan magariba

Na ce ba zan kunna shirin wasanni na Buck Caudill a rediyo ba. Na kunna.

Awa guda ana bugo waya, kuma ba mai tambayar halin da Lamont yake ciki. Duk hankalinsu yana kan Cody Slone, yaron sakandaren nan na ƙetaren kogi da manyan jami'o'i ke ta zarya a ƙofar gidan ubansa, wanda ya yi alkawarin zuwa wurinmu baɗi. Wani ya bugo daga gidan mai, na gane muryar Junior Combs, ya ce, "Buck, in Cody ya fasa saboda wannan abin kunya, mun shiga uku. Irinsa sau ɗaya ake samu a shekara ashirin." Wani ya ce ai dama ɓata lokaci ne a ɗauko ɗanyen yaro a zauna rainonsa, a riƙa nemo wanda ya riga ya iya.

Kowa so yake a kawo masa ɗan wasa dafaffe a faranti. Cody ya iya jifa, ban musa ba, na je na kalle shi sau biyu. Amma bai taɓa tare kowa ba a rayuwarsa, kuma in abokin wasansa ya yi kuskure sai ya ɗaga hannu sama yana kallon ubansa. Junior ɗin nan da bakinsa ya ce a mayar da Gora inda aka samo shi. Watan jiya kuma shi ne ya cire rigarsa a cikin sanyi yana ihun sunan Lamont.

Ba wanda ya kama sunana. "Wata mata," in ji su.

Asabar, 12 ga Fabrairu, da la'asar

Na je wasa. Me zai hana ni? Na sa jar rigata, na ja tulun iskar Virgil, muka bi ta babbar ƙofa, ba ta gefe ba. Layi na uku, bayan bencin 'yan wasa, inda muke zama shekara talatin da ɗaya.

Kujerar da ke hannuna na dama babu kowa. Mai ita ta koma can ɗaya gefen, kusa da makaɗa, wai ƙafarta ba ta son matakala. Matakalar can ta fi ta nan yawa. Ba zan rubuta sunanta ba.

Jikanta Travis ne aka sa a gurbin Lamont. Yaron kirki ne, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ture shi ake yi kamar labule. An cinye mu da tazarar da ba na so in tuna.

Lamont yana ƙarshen benci cikin kayan gida. Ba jaket ɗin da muka ba shi a jikinsa. 'Yar rigar makaranta ce kawai, ga dusar ƙanƙara a waje har idon sawu. Bai waigo ba ko sau ɗaya. Na san an hana shi ne. Ƙeyarsa na yi ta kallo, ya kamata a yi masa aski.

Da za mu fita wani ya ce daga baya, "A gaishe da mai wake!" Aka yi dariya. Na juya na ce, "Ina amsawa, Darrell Napier. Ka gaishe min da uwarka, ka ce mata furfurarta ta fito, ta zo ran Talata." Aka sake dariya, amma ba ni ake wa ba.

Lahadi, 13 ga Fabrairu, da rana

Na soya kaza biyu, saboda hannuna ya saba. Mu biyu ne a tebur.

Talata, 15 ga Fabrairu, da azahar

Sun zo. Mutum biyu daga hukumar, cikin kwat, takalmansu ba na dusar ƙanƙara ba ne, babban har ya zame a matakala. Ban yi dariya ba sai a zuci. Na ba su kofi da kek, na ce, "Ku dai ba 'yan wasa ba ne ko? Kada in ƙara laifi."

Ƙaramin ya murmusa. Babban bai yi ba.

"Misis Tackett, sau nawa Lamont Prewitt ya ci abinci a gidan nan?"

"Ban ƙirga ba."

"Ki kimanta mana."

"Malam, kai uwarka tana ƙirga maka?"

Ya rubuta wani abu. Ya tambaya ko mun taɓa ba shi aron mota. Na ce e, a-kori-kurar Virgil, lokacin da kakarsa ta rasu bara, ya je jana'iza ya dawo da tanki cike. Ya tambaya ko Koci ya sani. Na ce su tambayi Koci. Ya tambaya ko muna ba wa sauran ɗalibai irin wannan, waɗanda ba 'yan wasa ba. Na ce duk wanda Virgil ya tsinto da yunwa zan ba shi, sai dai Virgil ba ya fita sosai yanzu.

Sannan ya ce, "Akwai maganar wata jaket ta fata."

Na tashi na ɗauki butar kofi, alhali kofunansu a cike suke.

"An ce akwai suna a ɗinke a cikin wuyanta. Rusty. Wane ne Rusty?"

Ina tsaye da buta. Virgil ne ya zare robar daga hancinsa, abin da likita ya hana shi, ya ce, "Ɗanmu ne. Ramin kwal na Lick Branch ya rufta da shi, shekara shida ke nan. Tsayinsu ɗaya da yaron. Akwai wata tambaya?"

Ƙaramin ya rufe littafinsa. Babban ya ce ya yi mana ta'aziyya, amma dole ya san nawa jaket ɗin za ta kai in da sayarwa za a yi.

Na buɗe musu ƙofa.

Laraba, 16 ga Fabrairu, da safe

Mata uku sun fasa zuwa gyaran gashi. Duk su ukun mura. Allah ya ba su lafiya. Na goge madubai, na jera kwalabe, na sake jera su.

Wa ya san akwai suna a cikin wuyan jaket ɗin? Wadda ta ara min zaren da na ɗinka shi, kakar Travis.

Juma'a, 18 ga Fabrairu, da la'asar

Koci Brashear ya zo shago da kansa bayan na sallami ta ƙarshe. Ya zauna a kujerar busar da gashi, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, hula a hannu. Ya tsufa a cikin kwana goman nan.

Ya ce, "Glenna, akwai hanya. Ba mai daɗi ba ce."

Hanyar ita ce makaranta ta nuna wa hukuma ta ɗauki mataki da kanta. Ta yanke hulɗa da mu. A karɓe kujerunmu, kada mu sake shiga ɗakin wasa, kada mu yi magana da kowane ɗan wasa, ko gaisuwa. Ni kuma in sa hannu cewa na san na karya doka, na yi nadama. In an yi haka, mai yiwuwa a mayar da Lamont kafin gasar ƙarshen kakar wasa. In ba a yi ba, binciken zai ja har bazara, kuma shekararsa ta ƙarshe ma tana cikin haɗari.

Na ce, "Har zuwa yaushe?"

"Shekara biyar."

Na kalle shi. Ya san ƙirjin Virgil kamar yadda na sani. Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Leland, kai ka kawo min shi karo na biyu. A motarka. Ka ce, Glenna, ki sa masa nama a jiki, ni zan ji da saura."

Ya ce, "Na sani."

"Ka faɗa musu?"

Ya yi ta juya hular. Yana da 'ya'ya biyu a makaranta, ga surukarsa a gidansa. Ban sake tambaya ba, kuma ni ma ba zan faɗa musu ba. Amma na ce masa ba zan sa hannu ba. Ban yi nadama ba, kuma ba zan yi ƙarya don in faranta wa masu kwat rai ba.

Lahadi, 20 ga Fabrairu, bayan majami'a

Fasto ya yi wa'azi a kan bin na gaba. Ko da ni yake, ko ba da ni yake ba, na rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa. Kakar Travis tana layin gaba da sabuwar hula. Gashin da ke ƙarƙashin hular ba aikina ba ne, kuma ya nuna.

Kaza ɗaya na soya.

Talata, 22 ga Fabrairu, bayan magariba

Cody Slone ya fasa. Ya tafi babbar jami'ar can birni, an nuno shi a talabijin da hularsu, ubansa a bayansa baki har kunne. Ya ce wai yana son wurin da babu hayaniya. Tun kafin Kirsimeti ake ganin sabuwar mota a ƙofar gidansu, amma wannan ba wanda zai tura masu kwat su tambaya.

Da safe na tarar an zazzage buhun wake a bakin shagona, an watsa ƙwai a gilashi. Na wanke gilashin. Waken kuwa na share, na tsince, mai kyau ne, ba zan zubar ba.

Na bugo wa Buck. Ya ce, "Wa ke kan layi?" Na ce, "Wata mata ce." Sai ya ce, "Mama Glenna, kin tabbata kina so ki yi magana?"

Na ce, "Buck, tun kana ɗan wando ɗaya nake zama a layi na uku, ka bar ni. Ku da kuke kuka a kan Cody, yaron bai taɓa sa rigarmu ba ko na minti ɗaya. Bai taɓa zubar muku da ɗigon gumi ba. Ga wanda ya shekara uku yana tashi da asuba yana jifa shi kaɗai, kuna yi masa dariya, bai tafi ba. Bara da ya fara haske, manyan nan sun aiko masa ta bayan fage, ya ce a'a, nan aka raine ni. Yau kwana nawa yana zaune a ƙarshen benci, wa ya bugo ya tambaya ko ya ci abinci? Ba ƙungiya kuke so ba, sayayya kuke so. Wanda kuma ya kawo min wake, na gode, amma gobe ya haɗo da albasa."

Na ajiye waya. Na zauna a ƙasan kicin.

Virgil ya ce daga falo, "Kin manta ba ki ce su biya ƙwan ba."

Alhamis, 24 ga Fabrairu, da hantsi

Imogene ta zo. To, ga shi na rubuta sunan.

Ta tsaya a bakin ƙofar shago, jaka rungume a ƙirji, ba ta shigo ba, ba ta fita ba, sanyi yana ta shigowa. Na ce, "Ko ciki ko waje, ba ni na haifi kamfanin wuta ba."

Ta shigo. Ta ce, "Glenna, ba yadda kike zato ba ne."

"Yaya nake zato?"

Wai a liyafar Kirsimeti ta ƙungiyar magoya baya wani ɗan jarida daga birni ya zauna kusa da ita. Ya yi ta yabon Lamont, yadda ya canza. Ita kuma ranta a ɓace, Travis ya kusa wata biyu bai taka fili ba. Sai ta ce ai da Travis ma ya samu mai ɗura masa kaza duk Lahadi, da mota, da jaket. Mutumin ya ce wace jaket? Sai ta ba shi labari. Wai har da hawaye ta ba shi, don labarin Rusty ne.

"Ban san zai kai ko'ina ba. Wataƙila ma ba shi ba ne, Glenna. Kowa ya sani a garin nan."

Na ce, "Ke kika riƙe ni a bakin ramin nan, Imogene. Kwana biyu muna tsaye. Kika ɗauki wannan kika ba wa baƙo a kan kofin lemo?"

Ta ce Travis ba ya barci, ya ce da ma ƙafarsa ta karye da a ce ta wannan hanyar ya samu wuri. Na ce Travis ba shi da laifi, ki gaishe shi. Na kunna injin busar da gashi ba kowa a ƙarƙashinsa, har ta fita.

Asabar, 26 ga Fabrairu, da rana

An sake cinye mu. Amma ba shi zan rubuta ba.

Mahaifiyar Lamont ta bugo daga Mississippi. Misis Odessa. Sau biyu muka taɓa magana, duk gaisuwar Kirsimeti. Na ɗauka godiya za ta yi, har na shirya cewa ba komai.

Ta ce, "Misis Tackett, na ji abin da kika faɗa a rediyo, an ba ni labari. Kin iya magana." Muryarta a kwance, ba faɗa. "Ranar da na sa yaron nan a bas na ce masa, kada ka karɓi komai a hannun kowa a can, don in abu ya ɓaci, kai za a fara kora, su suna gidajensu. Bai ji ba, saboda kin yi masa kirki, kuma yana jin yunwa. Ban ce kin yi mugunta ba. Na san abin da kika rasa, ya gaya min. Amma ke kujera za ki rasa. Shi in aka karɓe karatun nan, gonar kaji zai dawo, inda nake. Shi ne na farko a danginmu da ya taka kwaleji."

Na ce, "Amma ban yi laifi ba, Misis Odessa."

Ta ce, "Na yarda. Ki ci gaba da gaskiyarki, ɗana yana biya."

Ta yi sallama da ladabi. Na daɗe riƙe da wayar.

Lahadi, 27 ga Fabrairu

Ban je majami'a ba. Ban kunna murhu ba.

Talata, 1 ga Maris, da azahar

Na tambayi Virgil jiya ko in sa hannu a takardar, tunda kujerar tasa ce ita ma, kuma shi ne ba shi da shekara biyar ta jira. Ya ce, "Dama matakalar nan ta ishe ni." Ƙarya yake yi. Tun yana saurayi bai taɓa fashin wasan gida ba sai ranar da aka yi masa aiki.

Na je ofishin shugaban wasanni da jar rigata. Na ajiye katunan kujerunmu a kan tebur. Ya turo min takardar. Na karanta, na ɗauki biro na soke "na yi nadama" har takardar ta kusa hujewa, sannan na sa hannu a ƙasa.

Ya ce, "Misis Tackett, ba a soke komai a irin wannan."

Na ce, "An soke. Na yarda na ciyar da shi, na yarda doka ta hana, na yarda ku kore ni. Wannan layin kuma sai dai ka nemo wata Glenna."

Ya fita ya yi waya mai tsawo. Ya dawo ya ce za su aika da ita a haka su gani.

Alhamis, 3 ga Maris, da yamma

An mayar da Lamont. Zai buga ran Asabar, wasan farko na gasar, a gidanmu. Wanda aka cinye ya fita.

Mataimakin koci ya kawo wata leda ya ajiye a baranda, ya ƙwanƙwasa, ya koma mota da sauri. Sharaɗi ne, wai dole a mayar da abin da aka karɓa. Jaket ɗin ce, an kai ta wanki da guga, an ninke.

Na kai ɗakin baya. Ban buɗe ledar ba.

Asabar, 5 ga Maris, da yamma

Takardar ta ce ɗakin wasa. Ba ta ce filin ajiye motoci ba.

Mun isa da wuri, na ajiye a-kori-kura daidai saitin babbar ƙofa, na bar injin a kunne saboda ɗumi, tulun iska a tsakaninmu, rediyo a ƙure. Mutane na wucewa suna leƙe. Wasu suka kau da kai. Junior Combs ya ɗaga min hannu, rabi-rabi, kamar mai korar ƙuda. Wani mai gadi ya zo, yaro ne da nake yi wa uwarsa gashi, ya ce, "Mama Glenna, ban san ko an yarda..." Na ce, "Je ka tambayo." Ya tafi, bai dawo ba.

Da aka kira sunan Lamont ba ta rediyo muka ji ba, ta bango muka ji. Har gilashin mota ya yi rawa. Mutanen nan dai, su ne dai.

Rabin farko bai yi kyau ba. Buck yana ta cewa ƙafafun Lamont sun yi nauyi, ya zubar da jifa huɗu a jere. Ina ta dukan sitiyari ina cewa ya lanƙwasa gwiwa, in ya gaji miƙewa yake yi kamar sanda, shi ya sa ƙwallon take dukan bakin ƙarfen kwando. Virgil ya ce, "Ba ya jin ki." Na ce na sani.

Ana hutun rabin lokaci aka ƙwanƙwasa gilashi ta gefena. Imogene ce, ba hula, tana haki, ta tsallako dusar ƙanƙara da ƙafar nan tata.

Na sauke gilashin kaɗan.

Ta ce, "Rediyon nan ba ya gaya miki komai. Ya rame, Glenna. Rigar tana yi masa yawa a kafaɗa. Kuma duk sanda aka tsaya sai ya kalli layi na uku. Matsa, sanyi zai kashe ni."

Ban yafe mata ba. Na dai matsa.

Haka ta yi ta yi. Ta zauna minti biyu ta ji ɗumi, ta koma ciki, ta dawo da labari. Ya fara lanƙwasa gwiwa. Ya tare wani dogon yaro har ƙwallon ta faɗa cikin makaɗa. Koci ya sa shi da Travis tare, abin da bai taɓa yi ba, Travis ya miƙa masa wata ta bayan baya, ɗakin ya kusa rushewa. Tana ba ni wannan tana kuka tana dariya, ta riƙe min hannun riga. Na bar ta ta riƙe.

Mun biyo su har ya rage maki biyu. Jifan ƙarshe a hannun Lamont yake, mutum uku a kansa. Buck ya yi ihu, "Ta tashi!" Sai ɗakin ya yi tsit, har mu a waje muka ji shirun. Ta zagaya bakin ƙarfe ta fito.

Shi ke nan kakar bana.

Mutane suka fito jiki a sanyaye. Muka zauna har filin ya kusa watsewa. Can 'yan wasan suka fito ta ƙofar gefe, Lamont a ƙarshe, jaka a kafaɗa, hannuwa a hammata don sanyi. Ya hango motar. Ya tsaya. Mataimakin koci ya dafa masa baya, a tafi.

An hana mu magana da shi. Virgil ya miƙo hannu ta gabana, ya danna ham, ya ƙi saki. Ya danna har tari ya sarƙe shi, bai saki ba. Wata mota can ƙarshen fili ta amsa, sai wata, sai motar Junior. Lamont yana tsaye a tsakiyar fili, hawaye na zuba, yana dariya. Ya ɗaga dogon hannun nan sama, ya daɗe bai sauke ba, sannan ya juya ya bi sauran.

Imogene ta ce, "Wannan ma za su ce karya doka ce."

Na ce, "Su zo. Akwai sauran kek."

Litinin, 7 ga Maris, da safe

Buck ya ce Lamont ya tabbatar zai dawo baɗi ya ƙarasa karatunsa a nan. Masu bugo waya har sun koma kan wani yaron sakandare daga Ohio, wai shi ne zai cece mu.

Imogene ta bugo tana so in gyara mata ɓarnar da aka yi wa gashinta, ran Alhamis. Na ce mata babu wuri sai Juma'a.

Akwai wuri. Ta jira.